Ɗalibi a ofishin kare haƙƙin masu naƙasa: aiki ne, karatu ne, ko hanyar fita waje?

Wane irin aiki ne wannan da yaro zai yi wata uku ko shida yana sammako, ana aiken sa nan da can, amma a ce masa shi ba ma'aikaci ba ne, wani lokacin ma ko kuɗin torotoro ba za a ba shi ba? Tambayar da wani dattijo ya yi mini ke nan a Nima bayan an sauko daga Juma'a. 'Yarsa tana shekarar ƙarshe a jami'ar Legon, ta ga sanarwa a WhatsApp cewa wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya tana neman ɗalibai su zo sanin makamar aiki a sashenta na masu naƙasa.

"Malam," in ji shi, "in taimakon guragu da makafi ne, ai kullum muna yi a ƙofar masallaci. In kuma hanyar Turai ce, a faɗa mini gaskiya in san abin da zan sayar."

Na ce masa, "Baba, duk biyun ba su ba ne." Sai dai bayanin ya fi ƙarfin tsayuwar bakin titi. Kuma ba shi kaɗai ke da wannan ruɗanin ba. Duk lokacin da dogon hutu ya ƙarato, irin waɗannan sanarwoyi suna yawo a wayoyin ɗalibanmu na Ankara (tamu ta Gana nake nufi) da Kumasi, wasu na gaskiya, wasu na 'yan damfara, iyaye kuma ba su san ta inda za su kama zancen ba.

Me ake nufi da sanin makamar aiki?

Abu uku ne mutanenmu ke cakuɗawa. Akwai bautar ƙasa, wato nashinal sabis, shekara guda ta tilas ga wanda ya gama babbar makaranta, ana kuma biyan alawus. Akwai atachiman, wanda makaranta ke tura ɗalibi wata ma'aikata lokacin hutu, ya dawo da takardar shaida. Na ukun shi ne wanda ɗalibai ke kira intanshif: kai za ka nema da kanka, ka yi takara da wasu daga ƙasashe da yawa, in an ɗauke ka ka zauna ƙarƙashin wani gwani na ɗan lokaci kana koyo kana taya shi aiki. A sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya wa'adin yakan kama daga wata 2 zuwa 6. Babu alkawarin ɗauka aiki a ƙarshe. Wanda ya san yadda yaron tela yake zama wurin maigidansa ya riga ya fahimci rabin abin, bambancin kawai shi ne a nan ba a yin walimar yaye.

Sadaka daban, haƙƙi daban

Nan ne ainihin inda ake ɓata. Da Bahaushe ya ji an ce aikin masu naƙasa, abin da ke zuwa masa shi ne rabon shinkafa da keken guragu da ɗaukar hoto. Akwai ƙungiyoyin da ke wannan, Allah ya saka musu. Amma irin su Human Rights Watch, wadda aka kafa a 1978 take da hedikwata a Niyok, da Amnesty International, wadda aka kafa a Landan a 1961, ba sa rabon komai. Bincike suke yi, su rubuta, sannan su tsaya a wuyan gwamnati har sai ta motsa.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan aiki mai sauƙin faɗa ne. Gurgu ya zo asibiti a kekensa ya tarar da matakala goma. Mai sadaka zai ce, Allah sarki, ku zo mu ɗauke shi. Mai fafutukar haƙƙi zai tambaya, wa ya zana wannan gini, wa ya sa hannu a kan zanen, wace doka aka taka? A wurinsa ƙafar mutumin ba ita ta hana shi ganin likita ba, matakalar ce. Haka kurmar da ta je awon ciki ba mai yi mata fassara da hannu, har sai an kira ƙanin mijinta ya tsaya a kanta ana tambayar ta abin da ko uwarta ba za ta so ta ji ba.

A kan wannan tunani aka gina Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki a watan Mayu 2008. Gana ta sa hannu a 2007, ta tabbatar da ita a 2012. Tun kafin nan ma muna da namu na gida: sashe na 29 na tsarin mulkin 1992, da dokar masu naƙasa ta 2006 mai lamba 715. Wannan dokar ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 10 su gyara su yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2016. Mai karatu ya tuna ofis na ƙarshe da ya shiga, ya ƙirga matakalar da ya hau. In ya ga dama ya haɗa da masallacin unguwarsu da wurin alwalarsa.

Ko sunan ma ana muhawara a kai. A rediyo yanzu an fi jin masu buƙata ta musamman, saboda ladabi. Wasu daga cikin masu abin suna cewa buƙatarsu ba ta musamman ba ce, makaranta da aiki da asibiti suke so kamar kowa, a kira su masu naƙasa a wuce wurin. Ɗalibi mai hankali yakan tambayi mutum yadda yake so a kira shi.

Kada kuma a ɗauka cewa tsayawar masu naƙasa a kan ƙafarsu baƙon abu ne a wurinmu. Ƙasar Hausa ta daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta jama'arsu da kai kukansu fada. Kowane ɗan makarantar allo ya san dalilin saukar Suratu Abasa, ya kuma san cewa Abdullahi bin Ummi Maktum, makaho, ya yi ladanci, an kuma bar masa riƙon Madina. Inda muka yi sakaci shi ne mun bar wannan gado ya tsaya a tsarin bara. Bara kuwa, ga wanda bai sani ba, laifi ne a ƙarƙashin wata dokar Gana ta 1969, ko da yake kowa na ganin yadda abin yake a fitilun hanya.

Abin da ɗalibi ke yi da hannunsa

Yawancinsa zama ne gaban kwamfuta. Karanta dokoki da kasafin kuɗi, bin labaran jaridu kullum ana tace wanda ya shafi masu naƙasa, juya hirar da aka naɗa zuwa rubutu kalma da kalma, duba ko lambar da ke shafi na 4 ta dace da ta shafi na 30, shirya wasiƙa zuwa ma'aikatar gwamnati. Wanda ya je da tunanin zai riƙe lasifika a Janiba, birnin Suwizalan da ake tarukan haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, zai sha mamaki. Amma a cikin wannan aiki mai gundura ake koyon sana'ar, wato yadda ake mai da ƙorafi ya zama hujja.

Mu a zango ba mu rasa ƙorafi ba. Kowa ya san wata yarinya da shugaban makaranta ya mayar gida saboda farfaɗiya, kowa ya san wani da aka ɗaure. Abin da ba mu iya ba shi ne rubuta shi yadda minista ba zai iya ƙaryatawa ba: yaushe, a ina, mutum nawa, wa ya gani, wace doka ta hana. Kafin a yi hira da mutum sai an bayyana masa inda maganarsa za ta je, ya yarda da bakinsa, a kuma gaya masa yana da ikon fasawa. Ana canza sunansa don kada abin ya dawo masa. Ba a ɗaukar maganar mutum ɗaya sai an sami abin da ya ƙarfafa ta. Wanda ya yi karatun hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, binciken isnadi ne da wata riga.

Ga misali daga ƙasarmu. A 2012 Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan halin da masu lalurar ƙwaƙwalwa ke ciki a asibitocin gwamnati da sansanonin addu'a na Gana, inda aka tarar da mutane ɗaure da sarƙa a jikin bishiya, ana sa su azumin dole. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Ankara da Pantang da Ankaful, dukansu a kudu, saboda haka iyalai da yawa ba su da wurin kai nasu sai sansani ko gidan mai magani. A 2012 ɗin ne kuma majalisar dokokin Gana ta zartar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846. A 2017 Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin Dakta Akwasi Osei, ta sanar da hana ɗaure mutane da sarƙa. A 2020 ƙungiyar ta sake fitar da wani rahoton da ya nuna ana wannan ɗauri a ƙasashe 60, kuma a Gana bai ƙare ba. Kada mu yi saurin nuna wa majami'u yatsa. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa.

Wata hanyar kuma ita ce ta Janiba. Kowace ƙasar da ta shiga yarjejeniyar dole ta kai rahoto gaban kwamitin ƙwararru 18. Gwamnati takan rubuta abin da zai wanke ta. Ƙungiyoyi kuma suna da damar kai nasu rahoton a ajiye kusa da na gwamnati, daga ciki ne 'yan kwamitin ke samo tambayoyi masu zafi. A watan Agusta 2024 aka zauna kan rahoton Gana na farko. Irin waɗannan takardu ne ɗalibai ke taya haɗawa, sau da yawa sunansu ko a ƙasan shafi ba ya fitowa.

Maganar kuɗi, wadda ba a so a yi

Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta biyan masu sanin makamar aiki. A 2015 wani matashi ɗan Niyuzilan, David Hyde, ya kafa tanti a bakin tafkin Janiba yana kwana ciki yana zuwa ofis da kwat, labarin ya zaga duniya. Daga baya ya ce da gangan ya yi don a ga abin. Wasu hukumomin Majalisar, irin su ta ƙwadago da UNICEF da UNDP, suna ba da alawus. Ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma kowace da tsarinta, wata tana biya, wata sai dai makarantarka ta lissafa maka shi a matsayin darasi.

Sakamakon a bayyane yake. Wanda ubansa zai iya biyan hayar ɗaki wata shida a Janiba ko Niyok, biranen da ke cikin mafi tsada a duniya, shi ne zai je. Shi ne zai sami takardar shaida, shi za a ɗauka aiki bayan shekara biyu, shi ne kuma wata rana zai rubuta rahoto a kan talakawan da bai taɓa kwana cikinsu ba. A ganina wannan abin kunya ne ga gidan da ke wa'azin adalci. Ƙara da biza, wadda takardar gayyata ba ta tabbatar da ita.

Ga ɗalibi mai naƙasa nauyin ninki ne. Makaho na iya buƙatar ɗan jagora a makonnin farko da manhajar da ke karanta masa allon kwamfuta da murya. Kurma na buƙatar tafinta. Mai keke na buƙatar gida da banɗaki da mota da za su karɓe shi. Sashe na 2 na yarjejeniyar ya ce ƙin yi wa mutum irin wannan gyara daidai gwargwado wariya ce, ba rashin kirki kawai ba. Don haka ɗalibi ya tambaya tun kafin ya karɓa, a rubuce, ba roƙo yake yi ba.

Tun zamanin korona an sami sauƙi guda, ana iya yin wasu daga gida ta intanet. Ba biza, ba haya. Amma data daga aljihunka, in wuta ta ɗauke kuma taron ba zai jira ka ba, sannan rabin amfanin abin, wato sanin mutane ido da ido, ya tafi.

'Yan damfara kuwa alamarsu ɗaya ce: kuɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar mutum. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗin fom ta momo, a rufe wayar.

Wa ya fi cancanta ya zauna a kujerar?

Taken masu wannan fafutuka shi ne, ba abin da za a yanke a kanmu ba tare da mu ba. Yarjejeniyar da kanta ta wajabta wa gwamnatoci tuntuɓar masu naƙasa ta hannun ƙungiyoyinsu. To, ɗalibin da lafiyarsa ƙalau fa, me ya kai shi?

Wasu na cewa guraben kaɗan ne, a bar wa masu abin. Suna da hujja. An daɗe ana magana a madadinsu, har a taron da aka shirya dominsu sai ka ga an zaunar da su a baya ana jawabi a kansu. Kuma Gana ta nuna abin da ke faruwa in an buɗe ƙofa. Gertrude Oforiwa Fefoame, makauniya 'yar ƙasar nan, ita ce mace ta farko daga Afirka da ta shugabanci wancan kwamiti na Janiba, an zaɓe ta a 2023. Dakta Henry Seidu Daanaa, lauya makaho, ya zama ministan harkokin sarauta a 2013 duk da wasu sarakuna sun tayar da jijiyar wuya cewa al'ada ba ta yarda ba.

Wasu kuma na cewa aikin ya fi ƙarfin ɓangare guda. Ana buƙatar lauyoyi da injiniyoyin gini da 'yan jarida da malaman asibiti waɗanda suka fahimci zancen. Ni ina ganin mai lafiya ya je, amma ya je da kunne fiye da baki. In kuma a ajinku akwai wanda ke tafiya da sanda ko keke, ka tura masa sanarwar kafin ka cike taka.

Abin da masu suka ke faɗa

Akwai masu cewa waɗannan ƙungiyoyi 'yan koren Turawa ne. Human Rights Watch dai ba ta karɓar kuɗin kowace gwamnati, amma gaskiya ne mafi yawan masu ba ta suna Amurka da Turai, kuma mai ba da kuɗi yana da tasiri ko bai yi magana ba. Iyaye da yawa kuma suna tsoron wasu aƙidun da ke tafe tare da kalmar haƙƙin ɗan Adam. Ba laifi ɗalibi ya karanta matsayar ƙungiya a kan komai kafin ya nema, ya san abin da zuciyarsa za ta ɗauka.

Sukar da ta fi nauyi a wurina ta cikin aikin ce. Kwamitin Janiba yana adawa da yi wa mutum magani ko tsare shi ba da yardarsa ba saboda lalurar ƙwaƙwalwa. Likitoci da dama ba su yarda da wannan gaba ɗaya ba. Uwar da ke Aboabo ta Kumasi, wadda ɗanta ya ɗauki wuƙa cikin dare, ba motar asibiti, ba magani a kusa, in ka ce mata sarƙa zalunci ce za ta ce ta sani, sai ta tambaye ka me za ta yi daren yau. Rahoton da ya tsaya a la'antar ta bai yi komai ba. Wanda ya bi sawun kuɗin da ya kamata ya kawo magani da ma'aikacin lafiya unguwarta, shi ne ya taɓa ciwon. Ɗalibin da ya tashi a irin wannan gida yana da abin da zai koya wa ofishin.

Sai haɗari guda da ya shafi 'ya'yanmu kai tsaye. Ɗan zango yana jin Hausa da Turanci, galibi har da Tuwi, wani ma da Dagbanci ko Zabarmanci, kuma in ya yi sallama za a buɗe masa ƙofar da ba za a buɗe wa baƙo ba. Wannan jari ne. Amma ana iya amfani da shi a matsayin tafinta da ɗan rakiya kawai, a kwashi labaran mutanensa a tafi, shi ko yadda ake rubuta sakin layi ɗaya ba a koya masa ba. Baƙon zai hau jirgi, shi kuwa gobe zai haɗu da mutanen a wurin mai koko.

Me zango zai samu?

A ƙidayar 2010 an ce kimanin kashi 3 cikin 100 na 'yan Gana ne ke da naƙasa. A ta 2021 sai adadin ya koma kusan kashi 8 na masu shekara 5 zuwa sama, mutum fiye da miliyan 2. Ba annoba aka yi a tsakani ba, tambayar aka canza. Maimakon a ce akwai naƙasasshe a gidan nan, wanda maigida zai ce a'uzubillahi babu, sai aka tambaya ko akwai mai wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu. Wanda ya san irin wannan dabara shi ake nufi da wanda ya san makamar aiki.

Akwai kuma kuɗi a ƙasa. Daga asusun gundumomi, wanda kowa ke kira kwaman fan, an ware wa masu naƙasa kashi 2, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 3. Asambilin Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, inda Nima da Mamobi suke, da ta Asokore Mampong mai riƙe da Aboabo da Asawase, duk suna da nasu rabon. Mutum nawa ne a lungunanmu suka san da shi, nawa ne sunansu ke cikin rajista? Ɗalibi ɗaya da ya iya rubuta wa asambili wasiƙa yana neman lissafi, ya kuma san cewa in an yi shiru akwai hukumar CHRAJ mai karɓar koke kan take haƙƙi da zaluncin ma'aikatu, ya fi buhun shinkafa goma amfani.

Kuma ba sai an jira Janiba ba. Tarayyar Ƙungiyoyin Masu Naƙasa ta Gana, wadda aka kafa a 1987, tana nan Adabraka, ƙarƙashinta akwai ƙungiyar makafi da ta kurame da ta zabiya da sauransu. Sightsavers, mai yaƙi da makanta, da Amnesty suna da ofis a Ankara. A Kumasi jami'ar KNUST tana da cibiyar nazarin naƙasa da farfaɗo da masu ita, jami'ar Winneba kuma ta daɗe tana horar da malaman ilimi na musamman. Manyan ƙungiyoyin waje sun fi kallon takardar wanda ya riga ya taɓa aiki a gida.

Mun sake haɗuwa da dattijon bayan mako biyu. Ya ce yarinyar ta rubuta musu tana tambayar abu uku: ko akwai alawus, wa zai zama mai kula da koyonta, da kuma ko za a iya yi daga Ankara. Ba su amsa ba tukuna. A halin yanzu duk Asabar tana zuwa koyon maganar hannu, saboda akwai wata 'yar ƙanwarsa kurma a gidan, shekararta 9, da ba wanda ya taɓa yin doguwar hira da ita.

"Jiya na gan su a tsakar gida suna ta dariya," in ji shi. "Na tambayi abin da ake cewa, aka ce ba da ni ake ba."